Kwaɗon da Aka Kora daga Kabad

Wannan labari ya daɗe a kaina, kuma gara in faɗa muku gaskiya tun da wuri, wani sashe nasa ya zube mini a hanya. Shekarar da abin ya faru ta ɓace mini. Yawan kayan wasan ma, wata rana in ce arba'in ne, wata rana in ce sun kai sittin. Haka tsufa yake, yana shiga kan mutum ya kwashi abin da ya ga dama, ba ya ko sallama. Amma mutanen ina ganinsu sarai kamar yanzu suka tashi daga gabana, kwaɗon kuwa ko cikin dubu zan gane shi. Abin da ya rage mini shi zan ba ku.

An yi wani dattijo da kowa ke kira Mai Sito, saboda ya yi shekara talatin da 'yan kai yana riƙe da makullin siton wata ma'aikata kafin ya yi ritaya. Mutumin kirki ne, ba ya ƙarya, ba ya cin amana. Abin da yake taƙama da shi a duniya shi ne, duk tsawon aikinsa ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Aikin nan ya koya masa abu guda, ya kuma zauna masa a ƙashi: kaya suna lafiya ne muddin suna kulle, hannun mutum shi ne mafarin lalacewa. Aibinsa ke nan, domin da ya bar aiki bai bar wannan ra'ayi a can ba, gida ya taho da shi.

Mai Sito yana da wani abin so da mutane ke mamaki ga dattijo irinsa. Yana tara tsofaffin kayan wasan yara na gwangwani, irin masu ɗan makulli a gefe, a wana su a ajiye a ƙasa su yi ta tafiya da kansu. Akwai motoci, akwai wata agwagwa mai 'ya'ya uku a bayanta, akwai biri mai kiɗa ganga, akwai kuma sarkinsu, jan jirgin ƙasa mai taragu huɗu da layin dogonsa. Asalin abin tun yarinta ne. Yana ƙarami akwai wani kanti a hanyarsu da aka ajiye irin jirgin nan a bayan gilashi. Kullum sai ya tsaya ya manna goshinsa yana kallo, kullum kuma mai kantin sai ya fito ya kore shi, wai yana ɓata masa gilashi. Da ya girma ya fara samun abin kansa, sai ya shiga nemansu ɗaya bayan ɗaya a wajen masu sayar da tsofaffin kaya.

Ya sa kafinta ya yi masa kabad mai ƙofar gilashi, ya kafa shi a falo daura da ƙofa, yadda duk wanda ya shigo shi zai fara gani. Makullin yana ɗaure da zare a aljihun rigarsa. Kowace safiya yakan goge gilashin da tsumma. Sau ɗaya a wata yakan buɗe ya kaɗe ƙura da ɗan burushi mai laushi. Amma bai taɓa wana ko ɗaya ba tun ranar da ya shiga kabad. A ganinsa kowane juyi na makulli ragin kwana ne ga abin.

Matarsa, wadda yara ke kira Inna, takan ce masa, “Malam, wai waɗannan bayin Allah wane laifi suka yi maka ka ɗaure su haka? Ko fursuna ana fito da shi ya sha iska.”

Shi kuma ya ce, “Ke dai ki kula da tukwanenki. Wannan ba fanninki ba ne.”

'Yarsu ɗaya ce, tana aure ba nisa, takan kawo musu 'ya'yanta biyu kowace Asabar. Babban namiji ne ɗan shekara tara, ana ce masa Sarkin Tambaya don bakinsa ba ya hutawa. Ƙaramar mace ce 'yar shekara shida, haƙoranta na gaba sun faɗi, kakan nata ya laƙaba mata Mai Giɓi. Ita ce 'yar lelensa. Da ta shigo sai ta faɗa jikinsa ta cire masa hula ta gudu, shi kuma ya yi ta kururuwar ƙarya wai a kama masa ɓarauniya. Amma da zarar ta doshi kabad sai fuskarsa ta canja.

“Da ido! Da ido ake kallo. Hannu a baya.”

Yaran maƙwabta ma sukan biyo su, su jeru gaban gilashin hannuwansu a baya kamar masu jiran hukunci. In sun tafi sai Mai Sito ya ɗauko tsumma yana goge shatin goshi da hanci yana mita. A bayan idonsa yaran unguwa sun sa masa suna Kaka Kar-a-taɓa.

Wata Asabar, ranar kaɗe ƙura ce, ya buɗe kabad ke nan sai aka yi sallama a ƙofar gida. Na manta ko wane ne, ina jin mai gyaran famfo ne. Ya fita ya bar ƙofar gilashin a buɗe, abin da bai taɓa yi ba. Da ya dawo sai ya tarar da Mai Giɓi zaune a ƙasa, kan jan jirgin nan a cinyarta, tana shafa shi da yatsa ɗaya tana yi masa magana a hankali.

Bai san lokacin da ya daka tsawa ba. Ya yi tsalle ɗaya ya fizge jirgin. Bakin gwangwanin ya karce ta a tafin hannu, ɗan jini ya fito. Shi kuwa jirgin yake jujjuyawa yana duba ko fenti ya goge.

Yarinyar ba ta yi kuka nan take ba. Ta dubi hannunta, ta dube shi, ta ce, “Kaka, ai jiranka nake mu yi wasan tare.”

Uwarta ta fito daga kicin da gudu. Ta ɗauke ta, ta duba hannun, sannan ta dubi mahaifinta. Ba ta ɗaga murya ba, don ba tarbiyyarta ba ce.

“Baba, ka duba jirgin, lafiyarsa ƙalau ko?”

“Ai ita ce ta...”

“Na sani, Baba. Ni ma haka ka yi mini ina kamarta. Na yi zaton jikoki za su fi ni sa'a.”

Daga ranar ba a daina kawo yaran ba, amma falo ya zama musu hanya kawai. Su rusuna daga bakin ƙofa su ce, “Ina kwana, Kaka,” su wuce kicin wajen Inna. Ba mai cire masa hula. In ya ce, “Mai Giɓi, zo mana,” sai ta ce, “Inna na kirana,” alhali ba wanda ya kira ta. Yakan zauna shi kaɗai gaban kabad ɗinsa, gilashi fes ba shatin kowa, yana jiyo dariyarsu daga kicin, da wani ɗan sauti kamar ana ƙwanƙwasa faranti da cokali. Bai san ko mene ne ba, girman kai kuma ya hana shi tambaya.

Haka aka yi wata biyu, ko uku. Abin ya ci shi ƙwarai. Ya ga yarinyar tana girma a gabansa tana yi masa nisa, har sababbin haƙora sun fara leƙowa a giɓin, ba ta zo ta nuna masa ba. Wata safiya ya ce wa matarsa, “Yarinyar nan har yanzu fushi take?”

Inna ta ce, “Ba fushi take ba, tsoronka take ji. Fushi ai yana wucewa.”

Ya yi ta tunani har ya samo dabarar da a ganinsa za ta gyara komai ba tare da ya yi asarar komai ba. Zai fito da jirgin, ya shimfiɗa masa layinsa, ya wana shi da hannunsa, yara su kalla daga nesa.

Asabar ta zo. Ya sa Inna ta lallaso su zuwa falo, har da yaran maƙwabta uku. Ya zaunar da su jikin bango. Mai Giɓi ta zauna can ƙarshe, hannuwanta a baya tun ba a ce mata ba. Ya haɗa layin dogon ya yi da'ira a tsakar ɗaki, ya ɗora kan jirgin, ya maƙala taragu.

“Yau za ku ga abin da ko uwarku ba ta taɓa gani ba,” in ji shi.

Ya kama makullin zai murɗa. Makulli ya ƙi motsi. Ya ƙara ƙarfi, ya ɗan juya da ƙyar. Ya saki jirgin a kan layi, jirgi ya tsaya yana kallonsa. Ya ɗan tura shi da yatsa, shiru.

Sarkin Tambaya ya ce, “Kaka, fasinja yake jira?”

Yara suka ƙyalƙyale da dariya. Mai Sito ya ɗauko jirgin. Ya sake kama makullin da hannu biyu ya murɗa da ƙarfin tsiya. Sai aka ji ƙas! daga cikin jirgin, makullin ya shiga juyawa sakaka, ba abin da ya riƙe shi.

Ya miƙe ya ɗauko birin. Ya wana. Biri ya ɗaga hannu ɗaya sama ya tsaya a haka, bai sauke a kan gangar ba. Ya ɗauko agwagwa, ko gezau. Ya kai hannu ga wata koriyar mota, sai ta ƙi ɗaguwa, tayoyinta na roba sun narke sun manne da katako. Da ya ja, motar ta taho, tayoyi biyu suka zauna a can.

Dariyar yara ta ɗauke. Dattijon ya zauna a ƙasa tsakiyar kayansa, motar a hannunsa. Shekara da shekaru yana tsaronsu daga hannun mutane, ashe a cikin kabad ɗin suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana goge musu gilashi. Idonsa ya cika. Ya sunkuyar da kai don kada yara su gani.

Bai ga tashin Mai Giɓi ba. Sai dai ya ji ɗan sautin nan da yake jiyowa daga kicin, ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana matsowa. Ya ɗaga kai. Wani kwaɗon gwangwani ne ke tsalle a kan daɓe yana nufo shi. Fentinsa duk ya goge, bayansa ya lotsa, ido ɗaya babu. Ya zo ya bugi gwiwarsa ya tsaya.

Nan take ya gane shi. Nasa ne. Shi ne wanda 'yarsa ta ɗauka tana ƙarama ta karce masa baya, ya yi mata faɗa har ta ƙi cin abinci, ya kuma ce kwaɗon ya lalace bai cancanci zama a kabad ba, ya jefa shi kwandon shara. Ashe Inna ta tsince shi ta ɓoye a durowar cokula. 'Yarsu ta yi wasa da shi har ta girma, jikoki suka gada, yaran unguwa ma ba wanda bai wana shi ba.

Yarinyar ta tsaya ɗan nesa da shi, ta ce, “Kaka, kar ka yi kuka. Ga namu na ara maka.” Sannan ta ƙara da cewa, “Kana iya taɓawa. Amma sau bakwai ake murɗawa, in ya yi tauri ka tsaya. Haka Inna ta ce.”

Mai Sito ya ɗauki kwaɗon. Ya murɗa yana ƙirgawa, ita ma tana ƙirgawa tare da shi. Ya ajiye, kwaɗo ya yi tsalle ya nufi ƙarƙashin kujera. Sai ya miƙa mata hannu ya ce, “Mu ga tafin nan.” Ta yi jim, sannan ta matso ta buɗe masa. Ɗan farin tabo ne siriri. Ya riƙe hannun ya ce, “Na yi miki laifi, ki yafe wa kakanki.” Ya ɗaga kai ya ga 'yarsa tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, “Ke ma haka. Naki ya fi daɗewa.”

Ta ce, “Haba Baba, ya wuce,” ta juya kicin da sauri tana goge ido da gefen mayafi.

Washegari ya zuba kayan a kwali ya kai wa wani tsohon abokinsa mai gyaran agogo. Mai Agogo ya maƙala madubinsa a ido ɗaya, ya kwance cikin jirgin, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kwashe da dariya.

“Mutumina, yaushe rabonka da wana wannan?”

“Ban taɓa ba. Ina gudun kar ya lalace.”

“To ai kai ka lalata shi. Zo ka gani.” Ya nuna masa da bakin ɗan tsinke. “Ka ga 'yan faya-fayan nan masu haƙora? Akwai mai a tsakaninsu. In suna juyawa, mai na zagayawa. In an bar su shekaru, sai ya daskare ya zama danƙo, tsatsa kuma ta samu wurin zama. Wannan siririn ƙarfen naɗaɗɗe shi ne sifirin, shi ke tura komai. Tsatsa ta ci shi, kai kuma ka zo ka murɗa da ƙarfi kamar kana buɗe ƙofar sito, ya tsinke. Wannan ba buhun siminti ba ne da za ka jibge ka kulle.”

Mai Sito ya ciro kwaɗon daga aljihu ya ce, “Wannan fa?”

Mai Agogo ya wana, ya kara a kunne, ya ce, “Wannan mummunan? Ai duk ya fi su lafiya. Wa ke kula da shi?”

“Yara.”

“To ka kai musu sauran.”

Aikin ya ɗauki makonni. Yawancinsu sun tashi bayan an wanke su an sa sabon mai. Uku ko huɗu ba su gyaru ba. Jirgin ma sai da aka yi ta neman sifirin da zai yi daidai da shi, kuma bai sake gudu kamar yadda aka ƙera shi ba, taragu biyu kawai yake iya ja. Mai Agogo ya kafa sharaɗi: kowane ɗaya a wana shi aƙalla sau ɗaya a mako, a bar shi ya yi tafiyarsa har ya tsaya don kansa.

Nan wata matsala ta ɓullo. Yatsun Mai Sito sun yi tauri da tsufa, makullan kuwa ƙanana ne. Kafin ya wana biyar sai hannunsa ya ɗauki ciwo. Inna tana kallonsa yana fama, ta ce, “Malam, ga ma'aikata can cike da unguwa, kuma ba sa neman albashi.”

Asabar ta gaba ya shimfiɗa tabarma a falo, ya ajiye ruwa da sabulu a bakin ƙofa. Halin sito bai bar shi gaba ɗaya ba, don haka ya kafa dokoki, kuma dokokin masu kyau ne. A wanke hannu a goge. A zauna a ƙasa kafin a karɓa. A riƙe da hannu biyu. A murɗa sau bakwai, in ya yi tauri a tsaya. Wanda ya gama ya mayar da abin inda ya ɗauko. Ƙananan da ba su kai hankali ba, kwaɗo ne rabonsu, sai sun iya shi a ba su agwagwa. Mai Giɓi ce ya naɗa mai duba hannuwa, kuma ta fi shi tsanani. Har shi kansa ta taɓa korarsa ya koma ya sake wankewa.

Ba zan ce muku ba a taɓa ɓarna ba. Wata rana wani yaron maƙwabta ya saki birin, gangar ta lotsa. Kowa ya zuba wa dattijon ido. Mai Sito ya ji tsohuwar tsawar ta taso masa har maƙogwaro. Ya dubi Mai Giɓi, ya ga ta mayar da hannuwanta baya. Sai ya haɗiye abinsa. Ya ɗauki birin ya wana, biri ya kama kiɗa, sautin ya ɗan canja.

“Ka ji,” in ji shi, “ka sauya masa kiɗa. Dama wancan ya ishe ni. Gobe dai ka zauna kafin ka karɓa.”

Yaron ya ce, “To, Kaka.” Aka ci gaba da wasa. Kafin a tashi Mai Giɓi ta lallaɓo ta bayansa ta fizge hularsa ta ruga kicin, shi kuma ya buɗe murya yana kiran a tare masa ɓarauniya. A ranar ce ya ɗauki kwaɗon ya ba shi wuri a kantar tsakiya, gefen jan jirgi. Makullin kabad kuma ya kwance shi daga zaren aljihu ya rataye a ƙusa, inda ɗan shekara shida zai iya kaiwa.

Darasin da ke cikin wannan labari, ya mai karatu, shi ne tsare abu daban, kulle shi daban. Duk abin da aka yi shi don a yi amfani da shi, in ka hana shi aikinsa don gudun lalacewa, zai lalace a hannunka kana kallo ba ka sani ba, kuma zumunci ma haka yake. Ba a ce ka zubar wa yara kayanka masu daraja su tattake ba. Ka zaunar da su, ka koya musu yadda ake riƙewa, ka yarda cewa wata rana wani abu zai lotsa. Fentin da ya goge ana iya haƙuri da shi, amma yaron da ya koyi tsoronka da wuya ka dawo da shi, kuma ba kowa ne ke samun jika mai ara masa kwaɗo ba. Game da yawan kayan da na ce ya ɓace mini, kwanakin baya na sa an kai ni wajen Mai Giɓi, wadda yanzu ita ma uwa ce, kuma kabad ɗin yana falonta. Na tambaye ta, ta ce talatin da bakwai ne, kwaɗon shi ne na talatin da takwas. Ɗanta ya wanke hannu ya wana shi a gabana sau bakwai, kuma ya yi tsalle.